Labarin Ƙasa Daga Ƙofar Gida

Duk wanda ya fara raɗa wa wannan fanni suna "labarin ƙasa" da Hausa, lalle ya san abin da yake yi. Kalmar ƙasa a bakin Bahaushe tana da fuska uku. Ita ce turɓayar da manomi ke kaftawa da fartanya, ita ce Nijeriya ko Nijar mai iyaka da tuta, ita ce kuma duk abin da ke shimfiɗe ƙarƙashin sama. Labari kuwa, kowa ya sani, abu ne da ake bayarwa a saurara da marmari, har in mai bayarwa ya tsaya a ce masa "sai me ya faru?" To, ga suna ya yi daɗi, amma a makarantun sakandaren da na sani, in an ce wa yara su zaɓi darussan da za su zauna wa jarrabawa, labarin ƙasa yana cikin na farkon da suke yarwa. Wannan al'amari ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ga ya kamata in kawo shi gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ko ma samu abin yi a kai.

Ni dai mutumin Jega ne, a can aka yanke mini cibiya. Dangin mahaifiyata mutanen Aliero ne, sa'an nan da Jami'a ta rarraba mu koyon aikin koyarwa sai rabona ya faɗa a wata makarantar sakandare cikin ƙasar Maiyama. Garuruwan nan uku a jere suke kan babbar hanya ɗaya, wadda ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal, ta ratsa Aliero, ta shigo Jega, ta wuce Maiyama da Koko da Yawuri, ta nufi Kwantagora har Ikko. Saboda haka abin da zan faɗa na gan shi ta fuska biyu, watau ina ɗalibi a kan benci, da kuma ina riƙe da alli a gaban allo.

Bari mu fara da yadda aka yi wannan darasi ya rame. Iyayenmu da suka yi sakandare ta shekara biyar sun ce tun daga aji ɗaya ake fara musu labarin ƙasa. Da aka shigo da tsarin nan na 6-3-3-4 a 1982, sai aka narkar da shi tare da tarihi cikin darasin zaman jama'a a ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma ya zama na ganin dama. Yaro ya zo aji huɗu bai taɓa riƙe taswira ba, aka ce masa ga wani darasi mai lissafi da zane da dogayen kalmomin Turanci, kuma ba tilas ba ne. Ina dalilin da zai sa ya ɗauka? Da masu ɗauka suka ragu sai masu koyarwa suka ragu, da masu koyarwa suka ragu sai shugabannin makarantu suka riƙa danƙa darasin ga duk malamin da ke da sauran fili a jadawalinsa.

Sa'an nan ga yadda ake koyar da shi. Malami ya shigo, ya juya wa aji baya, ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a buga ƙararrawa. Littattafan kansu ba su da laifi. Na N. P. Iloeje a kan Nijeriya da Afirka ta Yamma littattafai ne masu kyau, haka kuma na Goh Cheng Leong da kusan kowace makaranta ta sani. Amma shi wannan na biyu mutumin Malesiya ne, duniya duka ya rubuta wa, bai san da zaman Gindi ko Kimba ba. Sai ka tarar da yaro yana haddace yadda kogin ƙanƙara ke sassaƙe duwatsun Turai, alhali iyakar ƙanƙarar da ya sani ita ce ta mai sayar da zoɓo da wadda kan faɗo da ruwan farko. Ka tambaye shi ina Gulbin Zamfara ya taso, ina kuma ya nufa, sai ya yi ta kallonka, ga shi kuwa jiya da yamma a cikinsa ya yi wanka.

Mu dai Allah ya tarfa wa garinmu nono, domin a aji huɗu aka kawo mana wani malami mutumin ƙasar Zuru. Ran da ya fara shigowa bai rubuta komai a allo ba. Cewa ya yi shi a ƙasarsu duwatsu masu ƙoƙuwa ne, manyan falalai a tsaye, amma tun da ya ƙetaro Koko yake ganin tuddanmu duk kansu a baje kamar an yanke da wuƙa, yana so mu gaya masa dalili. Muka yi tsit. Ran Asabar ya kwashe mu a ƙasa zuwa wani tudu bayan gari. Da muka hau ya sa kowa ya tsinci dutsen da ke kan tudun, ya kuma ɗebo ƙasar da ke gindinsa. Na sama jar marmara ce mai tauri, ta ƙasa kuwa laka da rairayi masu murmushewa a hannu. Ya ce mana a zamanin da can duk filin nan tsawonsa ɗaya da kan tudun, ruwan sama ne ya yi ta zaizaye shi shekara dubbai, ya kwashe inda ya yi laushi, ya bar inda marmara ta yi masa hula. Watau tudun nan da muke tsaye a kai sauran tsohuwar ƙasa ne, kwarin da muka fito kuwa aikin ruwa ne.

Mako na gaba sai ga shi da wani tsoho mai ginar rijiya, ya ba shi kujerarsa, shi kuwa ya tsaya gefe da alli. Tsohon ya ce, "Malam, ni ban san takarda ba. Amma wagga ƙasa tamu, in ka gina gaba ukku kana ishe marmara. In ka hwasa ta ka ishe laka, to kada ka gaji, ruwa na nan ƙarƙashinta cikin rairai." Yana faɗi Malam yana zanawa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har allo ya cika. Da tsohon ya gama sai Malam ya buɗe littafi ya nuna mana zanen da masana suka yi, kusan ba bambanci. Daga nan muka ji cewa yankinmu yana cikin wani babban kwari da ake kira Kwarin Sakkwato, wanda ya miƙe har cikin Nijar da Mali, kuma shimfiɗar laka da rairayin nan mai riƙe mana ruwa, masana sunan Gwandu suka sa mata. Muka ji kuma cewa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce teku ce kwance a wannan nahiya, shaidarta kuwa ita ce farar ƙasar Kalambaina kusa da Sakkwato, wadda ake yin siminti da ita tun shekarun 1960, ana kuma tsintar ƙwanson halittun teku a cikinta. Wani a cikinmu ya ce, "Malam, ashe siminti kifi ne?" Aka yi dariya, amma har yau ba wanda ya manta darasin.

Wannan malami shi ya fara tambayarmu abin da ya sa Jega take inda take. Tarihi ya nuna Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ne ya kafa garin wajen 1820, kuma kafin ƙarnin ya ƙare kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Mai tarihi yakan tsaya nan, mai labarin ƙasa kuwa sai ya ce me ya sa nan ɗin? Ga gulbi mai ba da ruwa da kifi da fadama, ga tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, ga hanyar fatake masu zuwa Gwanja, waɗanda kan ƙetare Kwara su bi ta Bargu har Salaga, su kai tufafi da kanwa su komo da goro. Ayari yana bukatar zango mai ruwa da ciyawa da abinci, Jega kuwa tana da su duka. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, reshenta kuma ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, sai goro ya koma bin teku da jirgi, ayarin jakai ya mutu, kasuwar Jega ta ja baya. Da zamanin mota ya zo, aka yi kwalta, garin ya zama mararrabar Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, sai kasuwa ta sake farfaɗowa. Ashe arzikin gari yana bin hanya ne kamar yadda ruwa ke bin gangare. Yaron da ya gane wannan a kan garinsu, in an ce masa ya bayyana dalilin girman Kano ko Anaca ko Landan, ba sai ya yi hadda ba.

Mu koma Aliero. Duk Nijeriya an san garin da abu biyu, albasa da masu ɗori, sa'an nan tun 2006 aka ƙara masa na uku, watau Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jiha. A manhajar sakandare akwai babi guda a kan noman ban-ruwa, akan kawo misalin Kogin Nilu da Gezira ta Sudan, akwai wani babin a kan kasuwanci da sufuri. Ni kuwa duk hutun da na yi a gidan kakannina, babukan nan biyu nake gani suna tafiya da ƙafafunsu. Albasa tana son sanyi da busasshiyar iska lokacin da take yin ganye, tana son zafi da rana lokacin da take ƙosawa, ba ta son ruwa ya kwanta mata. Shi ya sa ake dasa ta bayan kaka, hunturu ya rene ta, a cire ta gab da bazara. Hunturun nan kuwa iska ce mai tasowa daga arewa maso gabas, ƙurar da take ɗauke da ita yawancinta daga wani busasshen kwari ne a ƙasar Cadi da ake kira Bodele. Kun ga ke nan buhun albasar Aliero yana da alaƙa da hamadar Cadi.

Haka kuma maganar farashi. Lokacin cira kowa ya kawo tasa kasuwa, buhu ya faɗi warwas. Mai hali ya zuba tasa a rudu, inda iska ke ratsawa, ya jira. Damina ta shigo, iska ta yi laima, wani kashi ya ruɓe, abin da ya tsira ya yi tsada wajen ƙarshen shekara. Motoci su yi lodi su nufi Ikko da Anaca da Fatakwal, inda yawan ruwa da laima ba su barin albasa ta yi kyau, wasu kuma su ƙetare iyaka. Kakana da jigo ya yi ban-ruwa. Kawunnaina suka koma rijiyar burtsatse da injin fetur bayan shirin Fadama ya shigo a shekarun 1990. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin ban-ruwa ya hau, sai ga faifan hasken rana sun fara bayyana a gonaki. Duk abin da mai jarrabawa zai tambaya a kan yanayi da ƙasa da sufuri da kasuwa yana cikin wannan labari, amma ɗan mai albasa yakan faɗi wannan tambaya a jarrabawa, domin ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ubansa ke yi shi ne abin da littafi ke nufi.

Da na je koyon aikin koyarwa a ƙasar Maiyama, na tarar da aji biyar mai cike maƙil, amma masu ɗaukar labarin ƙasa ba su cika benci uku ba. Babu taswirar bango, babu ƙwallon duniya, taswirar awo kuwa, irin wadda ake ba yara a jarrabawar WAEC su karanta, guda ɗaya ce tak, ta tsufa har ta yage a kan ninki. Ga shi karatun taswira sashe ne da ba a tsallake shi a jarrabawa. Abin da ya fi ba yaran wuya shi ne zobban nan masu nuna tsawon ƙasa. Sun haddace cewa in layuka sun matsu wurin yana da tsananin gangare, in sun buɗe wurin shimfiɗaɗɗe ne, amma in ka nuna musu taswirar ba su ganin tudu, sai tarin zare.

Sai na tuna da gidan kakannina. Na sayi manyan albasa a kasuwa, na raba kowace biyu, na kife rabin a kan tebur na ce ga tudu. Muka yanka shi a kwance, fala-fala, kauri ɗaya. Muka ɗora babban yanki a kan takarda muka zagaye shi da fensir, muka ɗora na biye a tsakiyarsa muka zagaye, har zuwa ɗan ƙaramin na bisa. Da muka ɗauke albasar sai ga zobba a takarda, na gindi a matse domin nan ne gefen ya fi miƙewa, na sama a buɗe domin nan ne ya fi kwanciya. Ajin ya cika da yaji, kowa na share hawaye, amma da na sake miƙa musu tsohuwar taswirar sai wani yaro ya ɗora yatsa ya ce, "Malam, ga tudu nan, kuma ta gabas ya fi wuyar hawa." Daga nan muka fita fili da igiya mai ƙulli a kowace mita, muka auna makarantar, muka zana ta. A nan ne suka gane abin da ake nufi in an rubuta 1:50,000 a gindin taswira, watau santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa.

Wani darasin kuma wata yarinya ce ta kawo shi, cikin watan azumi. Ta ce, "Malam, yayana yana aiki a Maiduguri. Kullum sai ya bugo waya ya ce sun sha ruwa, mu kuwa rana na nan ja-wur. Ba agogonmu ɗaya ba?" Na ce mata tambayarta ita ce babin da muka bari a baya. Duniya tana juyawa digiri 360 cikin sa'a 24, watau digiri 15 a sa'a guda, ko kuwa digiri 1 cikin minti 4. Maiduguri tana wajen digiri 13 gabas, Kano wajen 8 da rabi, mu kuwa nan mun ɗan haura 4. Dukanmu kuma muna kusa da layi na 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka tsawon yininmu kusan ɗaya ne. Na bar su da lissafin. Ba a jima ba suka fitar da cewa tsakaninmu da Maiduguri kusan digiri 9 ne, watau wajen minti 35, tsakaninmu da Kano kuwa ɗan fiye da rubu'in sa'a. Agogon Nijeriya duka an ɗaure shi ne a kan layi na 15, shi ya sa a Maiyama in agogo ya buga 12 rana ba ta kai tsaka ba tukuna, sai bayan minti 40 ko kusa da haka. Ran nan da magariba, na tabbata, an yi wannan bayani a gidaje da yawa.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar cin jarrabawa kawai nake yi. Abin ya fi haka nauyi. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi, noman shinkafa ya bunƙasa, mutane suka dirar wa fadama har inda iyayensu ba su taɓa shukawa ba. A ƙarshen damina ta 2020 ruwa ya zo. Ya shafe gonakin shinkafa a ƙananan hukumomi da yawa na Jihar Kebbi, ya karya gadoji, ya rushe gidaje. Na raka wani kawuna duba gonarsa, muka tsaya a bakin tudu, iyakar ganinmu ruwa ne, sai kan shinkafa jefi-jefi. Bashi ya ci ya yi noman. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ɗana, ku da kunka yi boko, ina wanga ruwa yah hito? Mu dai nan ba a yi ruwan da ya kai haka ba."

Tambayarsa tana da amsa, kuma amsar tana cikin manhajar aji biyar. Gulbin Zamfara daga gabas ya taso, a ƙasa mai dutse wadda ba ta shan ruwa sosai, ya biyo ta ƙasar Anka da Gummi kafin ya iso mana. Ruwan da aka yi can, inda aka sare itatuwa aka bar ƙasa tsirara, gangarowa yake da sauri ya tarar da mu bayan kwanaki, ko da mu nan sama tana garau. Gaba kaɗan gulbin ya haɗu da Gulbin Kabi, wanda ya kwaso ruwan Rima da na Sakkwato, masu madatsai a Goronyo da Bakolori, su biyun kuma su faɗa Kwara. In na gaba ya cika, na baya ba shi da inda zai zuba, sai ya bazu cikin fadama, domin ita fadama tun asali makwancin gulbi ce. Ita Kwara ma cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa na daminarmu, akwai kuma baƙin ruwa mai isowa tsakiyar ɗari, watau ruwan da aka yi a duwatsun Gini, ya yi wata da watanni yana ratsa dausayin Masina a Mali. An yi babbar ambaliya a 2010 da 2012, an yi a 2020, an kuma yi a 2022. Kowace shekara hukumomin yanayi da na ruwa suna fitar da hasashe tun kafin damina, da taswira da alƙaluma. Amma wa zai karanta wa kawuna? Ɗansa da ya gama sakandare ya ajiye labarin ƙasa tun aji huɗu. Iyayenmu sun ga fari na 1973 da na 1984, mu muna ganin ambaliya, kuma duka biyun suna bukatar a samu a kowane ƙauye mutum ko ɗaya wanda zai dubi taswira ya ce nan ruwa zai bi, nan kada a yi gini, wannan iri mai saurin nuna shi ya kamata a shuka bana.

Wasu kan ce ai wannan ilmin Turawa ne, shi ya sa bai kama mu ba. Wannan magana ba ta da tushe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, kuma da bayanin ƙasashen Tukururu ya buɗe shi, ƙasa bayan ƙasa, da mutanensu da kogunansu. Da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 yana neman sanin inda Kwara ta nufa, a fadar Bello ya samu taswira, aka kuma buga ta a Landan a 1826. Madugun da ya kai ayari Gwanja ya komo bai ɓata ba, ya san kowane zango da kowane mashigi da lokacin cikar kowane kogi, me za a kira shi in ba masanin labarin ƙasa ba? A zamaninmu kuma Farfesa Akin Mabogunje, wanda aka haifa a Kano a 1931, shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, a 2017 kuma aka ba shi lambar Vautrin Lud, wadda ta fi kowace girma a wannan fanni. Gado ne muke da shi ta kowane ɓangare.

A nan ne maganar ta zo kanmu, mu masu nazarin Hausa. Harshenmu ba matalauci ba ne wajen sunayen ƙasa. Muna da tudu da kwari da fako da jigawa da fadama da dausayi. Muna da gulbi da ƙorama da rafi da tafki da kududdufi, kowanne da ma'anarsa daban. Muna da kwazazzabo da zaizaya da gangare da mashigi, mutanen Yawuri kuma suna da gungu, har akwai Gungawa masu zama a kansa. Shekararmu ta kasu bazara da damina da kaka da rani, ba kashi biyu kawai da littafi ke faɗi ba. Yaro ya zo makaranta da wannan dukiya cike da kansa, sai a ce ya ajiye ta a bakin ƙofa. Na sani da Turanci za a yi masa jarrabawa, kuma dole ya iya kalmomin Turancin. Amma wanda ya fara gane abu da harshen da yake mafarki da shi, sauya masa suna ba wuya. Inda ba mu da kalma, kamar sunayen layukan taswira da na'urorin awon yanayi, aikinmu ne mu zauna da malaman Sashen Labarin Ƙasa mu ƙirƙiro, mu daidaita, mu buga ɗan ƙaramin ƙamus da malamin ƙauye zai iya sa wa aljihu.

Saboda haka ga roƙona. Ga 'yan'uwana da za su fita koyarwa, kada rashin kayan aiki ya sa mu koma cika allo. Gwangwani da ma'auni sun isa awon ruwan sama, in yara suka rubuta na kowace rana, cikin shekara uku makaranta ta mallaki abin da babu shi a kowane littafi. Sanda a kafe tsakar fili ta isa nuna tafiyar rana, har yara su ga ranakun nan biyu, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, da inuwa ke ɓacewa da tsakar rana a yankinmu. Wayar hannun da ke aljihun malami tana iya nuna wa yaro hoton garinsu daga sama, ya ga rufin gidansu da inda gulbi ya karkata. A gayyato mai ginar rijiya da sarkin ruwa da dillalin albasa da tsohon direba, a ba su kujera. Ga malamanmu na Jami'a kuwa, muna roƙo a riƙa tura ɗalibai su rubuta kundayensu a kan garuruwansu, a kuma mayar da abin da aka samo ga makarantun waɗannan garuruwa cikin harshe mai sauƙi, maimakon ya kwanta a kan kanta ƙura ta rufe shi. Ga hukumomin ilmi, taswirar awo ta yankin kowace makaranta ba ta kai kuɗin fentin ofis ɗaya ba.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaran Jega da Aliero da Maiyama su ne za su gaji gulbin nan da fadamarsa da tuddansa, su ne za su yanke shawarar inda za a gina unguwa da inda za a bar wa ruwa hanya, ko sun sani ko ba su sani ba. Gara su yanke ta da sani. Ina fata wani daga cikin masu karatu, musamman 'yan Sashen Labarin Ƙasa, zai ɗauki alƙalami ya ƙara a kan abin da na faɗa a fitowa ta gaba, ya kuma kawo mana labarin nasa garin. Allah ya sa mu dace, amin.